Ranar da Aka Kwantar da Bebe

Jan ruwa ya fara hawa bana. Jiya da safe na tarar ya cinye turken da nake ɗaure jirgi, yau kuma ya kai gindin giginyar bakin mashaya. Sama ta yi nauyi, tufafi ba sa bushewa, gishiri ya jiƙe a cikin kwano. Ina zaune ƙofar gida ina gyaran taru sai ga Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyarmu, yana dogara sanda yana laluben hanya da ƙafa, don idanunsa sun daɗe da yin hazo. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya wuce ni ya shiga zaure inda injin jirgina yake, na ji yana shafa shi da tafin hannu daga kai har ƙasa. Haka yake yi duk shekara in ruwa ya taso, kuma duk shekara sai ya mayar da ni damanar da muka rasa yayana Ila.

Mu masunta ne, a ɗaya daga cikin ƙauyukan Garu, ƙasa da Malanbil in ka bi gulbi. Muna su, muna ɗan noman shinkafa da masara a fadama, da rani mu yi albasa. A wancan lokacin duk injin da ke bakin gulbinmu irin na dā ne, mai ihu da hayaƙi, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a jarka guda a girgiza. In an dawo daga su, mutum ya kwance shi daga jirgi, ya saɓa a kafaɗa, ya kai gida ya kwantar a kan tabarma, ta kowane gefe ya faɗi ba ruwansa. Haka iyayenmu suka yi, haka muka tashi muka gani.

Na Yaya Ila daban ne. Ya sayar da shanun nomansa da albasar rani guda ya sayo shi. Kat-tan masu sayarwa ke ce masa, wato mai bugu huɗu, mai hannu guda da ake riƙewa a juya jirgi. Shi baƙin mansa a cikinsa yake zaune, a wani ƙoƙo ƙarƙashin kai, ba a haɗa masa da fetur. Ba ya shan mai da yawa, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. Ranar da aka fara tayar da shi mutane suka taru bakin ruwa suna jiran ihu, sai suka ji ɗan gunaguni kawai. Wani ya ce ai Ila bebe ya sayo. Sunan ya bi shi, har yau Bebe ake ce masa.

Zan faɗi gaskiya a kan yayana, ko da yake ƙasa ta rufe shi. Mutum ne mai ƙoƙari, mai riƙe gida, amma marowacin sani ne. Ya sassaƙa wa Bebe wata maratayar katako a ɗakinsa, ya rataye shi tsaye. In zai kai shi bakin ruwa rungume shi yake yi tsaye a ƙirji, mutane na dariya suna cewa Ila ya yi goyon gaba. Matarsa Kulu ta ɗinka wa injin riga da buhu da tsohon zane don kada fentinsa ya ƙuje, tun daga ranar ba a sake ganin kansa a buɗe ba. Ni da muke ciki ɗaya, muke jirgi ɗaya, iyakata jan igiya in ya gaji, da riƙe hannun injin in yana sallah. Na taɓa ce masa, "Yaya, ka koya min cikin wanga abu mana." Ya ce, "Kai dai riƙe hilahilinka, Garba. Wanga ba abin wasa ba na." Kullum maganarsa guda ce, kada kowa ya taɓa masa shi. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Damanar nan ta zo da ruwa tun da wuri, ta kuma same mu da rumbu fayau. Da malka ta kama sai sama ta rufe, a yi kwanaki ba a ga rana ba. Ruwa yana sauka a hankali, ba tsawa, ba iska, yana jiƙa bango har ka danna yatsa ya shige. Itace ya ƙi kamawa. Mata su tashi da asuba su yi ta hura wuta har idanu su yi ja, abin da za a ɗora a kanta kuma babu. Da hantsi su shiga fadama har ƙugu su tsinko kawunan bado, su fasa, su shanya 'ya'yan a kan murhu tun da babu rana, su niƙa, su tuƙa. Tuwon bado ɗanɗanon laka gare shi, kuma yana shiga ciki ya ɓace kamar ba ka ci ba. Miyar tafasa ce kullum, ranar da Allah ya taimaka a jefa mata ƙananan kifin kurungu. Sau ɗaya ake ci, bayan la'asar, don yara su samu abin kwana da shi.

Wanda bai san gulbi ba zai ce ruwa ya yi yawa, kifi ya samu. Ba haka abin yake ba. In jan ruwa ya hau, kifi watsewa yake yi cikin ciyawar burgu da gonaki, ka jefa tarun birgi ka jawo ganye. Mu ɗaga gura, tarkonmu na kifi, mu tarar da kwaɗi. Injunan ƙauyen dama ba su da yawa, masu su kuma suka kwashe su suka tafi Malanbil dakon kaya a mashaya, ko a samu na hatsi. Yaya Ila bai tafi ba. Ya ce masararmu ta fadama ta kusa, ba zai bar ta ba.

Aikin maza a lokacin shi ne digi, wani bangon ƙasa da muka tayar tsakanin gulbi da gari. Kowace safiya a buga ganga, mu fita gayya da kwanduna da buhuna, mu yi ta ɗibar laka muna toshe inda ruwa ya ɓula. Ciki babu komai, ƙafa cikin ruwa wuni guda. Tsakanin yatsunmu ya yi fari ya tsattsage, matsattsaku su manne a ƙwauri sai ka ga jini kafin ka ji su. Kawu Arzika ne shugaban gayyar. Lokacin da ƙarfinsa, muryarsa tana kaiwa ƙetaren fadama, kuma shi ne mai sa mu dariya in jiki ya mutu. Ya yi shekaru yana jan injin haya zuwa ƙasan gulbi, don haka in ana zancen inji a ƙauyen shi ake tambaya.

Akwai wata jarkar fetur da Yaya Ila ya ɓoye a bayan maratayar Bebe, cike take har wuya. Duk yunwar nan bai taɓa ta ba. Wata rana ina tsakar gidansu na ji Kulu ta kasa daurewa.

"Maigida, wagga jarka da ka aje, in ka kai ta kasuwa ba ta kawo muna ko 'yar masara? Dibi ɗiyanka."

Ya ce, "Wagga ta ranar tsiya ta. Ran da hanya tay yanke, wani yak kwanta ciwo, da ita za mu kai shi Malanbil. Ku yi hanƙuri."

Ta ce, "Wace ranar tsiya ta hi wagga?"

Ni kaina a ranar bayan Kulu nake, na fita ina ƙunƙuni.

Ranar da abin ya faru sama ta buɗe. Rana ta fito da zafi irin mai tashi daga ƙasa, kamar ka leƙa tukunyar dambu. Aka ce ruwa ya haye gonarmu ta fadama, masara ta nutse har wuya. Muka ɗauki ƙaramin jirgi da filafili, don inji ba ya shiga cikin kara, ciyawa za ta naɗe masa farfela. Muka bar Bebe a rataye a ɗaki. Muna shiga gonar muka fara karya masara, wata sai ka zura hannu cikin ruwa har kafaɗa. Ba ta gama nuna ba, amma ko gasawa a yi. Duk abin da ke da rai a ƙasa ya hau kara, tururuwa ta dunƙule, ɓeraye sun maƙale a ganye suna kallonmu.

Ina baya ina riƙe jirgi, shi yana gaba. Na ga ya miƙa hannu ga wani kara, sai ya janye da sauri, wani baƙin abu ya sulale cikin ruwa. Ya juyo ya dube ni, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

"Garba, igiya ta taɓa ni."

Mu ba ma kiran sunan maciji in ya yi sara, igiya muke cewa. Amma na ga wuyansa da ya buɗe, na san gamsheƙa ce. Na yage bakin rigata na ɗaure masa damtse. Ya ce, "Kar ka ruɗe. Kai mu gida. Akwai esansi cikin jarka, akwai Bebe. Kahin azahar muna likita." Sai a lokacin jarkar nan ta yi mini kyau. Da inji, daga mashayarmu zuwa Malanbil ba wata tafiya ba ce, ko ruwa na ja.

Tun daga nesa na fara jin kururuwa. Ashe muna fita digi ya fashe. Gari yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, bangaye suna narkewa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, kaji a kan rufi. Hanyar da kabu-kabu ke bi ta zama gulbi. Mutane duk sun koma tudun da muke sussukar shinkafa, da tukwane da awaki da tsofaffi. Na nufi can ina ihu a kawo babban jirgi.

Babban jirgin yana nan ɗaure a gindin tudu. Kawu Arzika ne ya jawo shi. Shi ne kuma ya kutsa ɗakin Yaya Ila, ruwa na shiga, ya fito da jarka, ya koma ya saɓo injin a kafaɗa kafin rufin ya faɗo. Ya taro mu yana haki, laka har gemu, bai san abin da ke tafe da mu ba.

"Ila, kwantar da hankalinka, na hid da Bebenka! Ga shi can, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba."

Muka duba. Yana kwance a gangaren tudu, a kan bargo, kansa yana kallon ƙasa. Tun hantsi yake nan. Yaya Ila ya kalle shi, ya rufe ido, ya ce innalillahi a hankali. Na ɗauka zafin saran ne.

Da aka ji abin da ya same shi, nan take maza suka ɗora injin a bayan jirgi, aka zuba fetur, aka shimfiɗa Yaya Ila a tsakiya, Kulu ta ɗora kansa a cinyarta. Na kama igiyar injin na ja. Ta fito kamar taƙi guda ta tsaya cak, sai ka ce an ɗaure ta a jikin itace. Na sake ja da hannu biyu, kafaɗata ta amsa. Wani ƙato ya ture ni ya gwada, ba ta motsa ba. Sai na ga baƙin mai yana ɗiga daga ƙarƙashin rigar injin, na waiwaya na ga tabonsa a kan bargon.

Yaya Ila ya ce, "Mai ya hau kai. Ku bar ja, kuna karya shi. A hid da buji, a zubar. Kilen kwance shi na cikin gwangwani, ƙarƙashin gadona."

Na faɗa ruwa na nufi gidan. Babu ɗaki, tulin laka ne da azara. Na yi ta tona da hannu, ina nutsewa ina fitowa, na ciro tabarma, na ciro takalmi, na ciro ƙyauren taga. Gwangwani babu. A tudu kuma an gwada wuƙa, an gwada abin ɗaurin keke, amma bujin, wato fulogin injin, yana can cikin rami mai zurfi, sai nasa kilen ke isa gare shi. Sauran injuna da kayan gyaransu suna Malanbil. Rana ta kai tsakiya muna nan.

Kawu ne ya daka tsawa. "Ku shiga, ku ɗauki hilahili! Tsayuwa ba ta kai shi."

Duk mai sauran ƙarfi ya shiga. Malanbil sama take da mu, ruwa kuwa gangarowa yake da itatuwa da matattun dabbobi, ja wur. Tsakiyar gulbi ba ta biyuwa, sai muka manne da gefe, inda filafili ya kasa mu kama burgu da rassa mu ja jirgin da hannu. Mutanen da suka yi wata suna cin bado ke wannan aikin. Ka tuƙa har idonka ya yi duhu, ka ɗago ka ga itacen da ka wuce yana nan kusa da kai. Kawu yana baya da gora, kusa da injin, yana ba da murya. Ga inji sabo, ga jarka cike, muna jan su tare da mu kamar duwatsu.

Idanun Yaya Ila suka fara rufewa da kansu. Kulu tana ɗaga masa fatar ido da yatsa don ya gan mu. Miyau yana zuba, harshe ya yi nauyi. A nan ne ya kira ni, na matso da filafilina kusa da kansa, ya fara gaya mini abin da na roƙe shi tun ranar da ya sayo injin. Yadda ake duba baƙin mai. Lokacin da ake canza shi. Cewa tsaye ake ajiye shi, in kuma dole a kwantar, gefe guda ne kawai ya yarda da shi, kai sama. Kalma tana fita rabi, ya huta, ya sake. Ina jinsa ina hawaye, kuma wallahi ina jin haushinsa. A zuciyata ina cewa, sai yanzu, Yaya? Kawu yana can baya, ƙarar ruwa ba ta bar shi ya ji ba.

Bayan la'asar muka hango gadar Malanbil, manyan motoci suna haye ta zuwa Gaya. Numfashin Yaya Ila ya koma guntu-guntu. Kawu ya miƙa wa wani gorar ya rarrafo yana laƙƙana masa kalmar shahada. Leɓensa ya motsa, daga nan bai sake motsi ba. Kulu ta daina ɗaga masa ido. Ba wanda ya iya cewa a tsaya, muka ci gaba da tuƙi har mashaya. Ban sani ba ko da mun isa da wuri za a samu allurar kashe dafin, ko za ta yi aiki. Na sha juya wannan a raina. Abin da na sani shi ne ba mu isa ba.

Akwai mai gyaran inji a wata rumfa a bakin mashayar. Muna so mu kai gawa gida kafin rana ta faɗi, hannuwanmu kuma sun mutu, sai aka kira shi. Ya zo ya zare rigar da Kulu ta ɗinka ya jefar a cikin jirgi. Ya sa kile ya fitar da buji, ya ja igiya, baƙin mai ya yi tsartuwa ya ɓata masa gaban riga. Ya ja, ya ja, ya wanke bujin da fetur ɗin jarkar, ya mayar. Ja ɗaya Bebe ya tashi, ya yi farin hayaƙi, ya koma ɗan gunaguninsa. Alwala ta fi wannan aikin daɗewa.

Mutumin bai san komai ba, yana goge hannu ya ce, "Wa yak kwantar da shi ta wanga gehe? Ba ku ga zane ba?" Ya nuna jikin murfin. Ga ɗan hoton inji a kwance an ja masa jan layi, ga wani a ɗaya gefen ba layi. Tun ranar da aka sa masa riga hoton yake ƙarƙashinta.

Kawu ya matso ya dubi hoton, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya dubi gawar.

Ya ce, "Ni na. Bargo nis shimhiɗa mai, don kar shi ƙuje."

Da fetur ɗin ranar tsiya muka kawo Yaya Ila gida. Gangara ce, ko ba inji ruwa zai kai mu. Ina riƙe da hannun Bebe, yana tafiya lafiya lau, ba ƙara, har ina jin kukan Kulu sarai. Muka rufe shi a kan tudu rana tana ja, ruwa yana tsattsafowa a gindin kabarin muna kwashewa da ƙwarya.

Da ruwa ya janye a shekarar, kifi ya zo irin wanda ban taɓa gani ba. Tarwaɗa da karfasa suka cika tafkunan fadama, Bebe ya yi ta jigila zuwa kasuwa, ya ciyar da gidana da na Kulu har girbi. Na so in sayar da shi, don in na ji gunaguninsa raina ɓaci yake. Bakuna sun yi yawa, ban sayar ba. Haushina ya rasa inda zai zauna. In na kai shi kan Kawu sai in tuna rufin da ya kusa danne shi. In na kai shi kan Yaya sai in tuna jarkar da ya hana kansa yana jin yunwa. Kawu kuwa bai sake shugabantar gayya ba, bai sake shiga jirgi mai inji ba. Ko Malanbil za shi, da ƙafa ko keke yake bin tudu.

Yanzu irin Bebe sun cika bakin gulbi, kowa ya san halinsu, waya kuma tana aljihun kowa. Nawa ya tsufa, an canza masa abubuwa da yawa, fentinsa duk ya ƙuje don ban sake sa masa riga ba. Kilen buji yana ɗaure da igiya a jikin hannunsa. Matata ta iya fitar da buji, Kulu ma ta iya, maƙwabta har sun gaji da ni.

Ɗazu da Kawu ya gama shafa shi ya fito daga zauren, ya tsaya a kaina.

"Garba, tsaye shike?"

Na ce, "Tsaye shike, Kawu. Kai ma ka ji da hannunka."

"Kile hwa?"

"Shina ɗaure."

Ya gyaɗa kai, ya laluba ya zauna a gefen tabarmata, ya juya fuska wajen gulbi yana sauraron ruwa. Can ya ce, "Bargon nan sabo na, ka sani. Ko sau guda ban ruhwa da shi ba."

Na ce, "Na sani, Kawu."

Na ajiye tarun, na leƙa cikin gida na ce a kawo masa kunu mai zafi.